Kundin aiki: ɗan littafin kalmomin Turanci na siffanta mai son kansa

11 ga Janairu, 2025

Na fara tattara kalmomin da Turanci yake siffanta mai son kansa da su, da niyyar su zama ɗan littafi ga ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare da duk wanda yake rubutu da Turanci a wurin aiki. Abin da ya tunzura ni shi ne insha'in da nake dubawa kowane zango. Duk wani mutumin banza da ya shigo labarin yaran nan, kalma uku ce rabonsa: selfish, proud, wicked. Shugaban da ya wawure dukiyar jama'a selfish ne. Attajirin da ba ya fitar da zakka selfish ne. Yarinyar da ba ta gaisuwa proud ce, mai cika baki ma proud ne, wanda ya ƙi cin abincin gidan mutane shi ma proud.

Alhali yaran nan a Hausa ba sa irin wannan kwaɓa. Ba za ka ji ɗan shekara sha biyar ya kira marowaci mai girman kai ba, kuma ya san bambancin haɗama da kwaɗayi, da na taƙama da yanga, ba tare da wani ya zaunar da shi ya koya masa ba. Fahimtar tana nan a kansu, kalmomin ɗaya harshen ne babu.

Akwai maganar jarrabawa, domin WAEC da NECO da JAMB duk suna kawo tambayoyin zaɓen kalma mafi kusa da ma'ana da kuma kishiyarta, kuma kalmomin hali suna yawan fitowa. Amma abin da ya fi damuna shi ne adalci. Wanda kalma ɗaya tak gare shi ta aibu, duk wanda ya ɓata masa rai ita zai maka masa, ko ta dace ko ba ta dace ba.

Tsarin da na yanke: kowace kalma za ta zo da bayaninta da Hausa, da jimla ɗaya ta misali, da kuma nauyinta, wato zagi ce, ko suka ce mai sauƙi, ko bayani ne kawai. A kan teburina akwai ƙamusun Oxford na masu koyo, da na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da tsohon ƙamusun Bargery na 1934, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

20 ga Janairu

Na rubuta kalmomin a ƙananan takardu na baza su a tabarma, sai na ga da kansu suna rabuwa gida uku. Wasu suna magana kan hannun mutum, abin da yake ɗauka da abin da yake hanawa. Wasu kan idonsa, wato inda hankalinsa yake kallo. Wasu kuma kan matsayin da ya ba kansa. A kan wannan rabo zan gina littafin, ko da yake akwai kalmomin da suka ƙi zama gida ɗaya.

Uwar tafiyar ita ce selfish, kuma ba tsohuwar kalma ba ce kamar yadda mutum zai zata. A ƙarni na 17 ta bayyana a Ingila, a bakin masu wa'azin Kirista. Ma'anarta son kai tsantsa: mutum ya san buƙatarka, ya gan ta ƙuru-ƙuru, ya fifita tasa. Wanda ya zo famfon unguwa da jarka goma ya tarar da tsohuwa da bokiti ɗaya a bayansa, ya ce sai ya gama, wannan selfish ne.

Self-centred dabam take, kuma a nan na fi daɗewa yau. Shi wannan bai ma ga tsohuwar ba. Ba mugunta ce ta hana shi ba, duniyar ce gaba ɗaya yake auna ta daga inda yake tsaye. Misalin da na rubuta shi ne na mai zuwa dubiya asibiti: ya zauna a bakin gadon majinyaci, kafin a gama amsa masa gaisuwa ya shiga ba da labarin zazzaɓin da ya yi bara, da allurar da aka yi masa, da yadda ya sha wuya, har lokacin ziyara ya ƙare bai tambayi mai jiki ya ya kwana ba. Yana iya zama mai kyauta, ya zo da lemo da ayaba cike da leda. Ba za a ce masa selfish ba. Self-absorbed ta fi wannan zurfi kaɗan, mutum ne da ya nutse cikin damuwarsa da tunanin kansa har ba ya jin abin da ake faɗa a gefensa.

Bambancin yana da amfani a rayuwa. Na farkon, wato selfish, nasiha yake buƙata kan zalunci. Na biyun, wato self-centred, sau da yawa tuni kawai yake buƙata, a taɓa shi a ce ga fa wani a gabanka.

Amurkawa suna rubuta centered, Ingilishi centred. Na bi rubutun Ingila tunda shi makarantunmu suke bi.

2 ga Fabrairu

Egoist da egotist. Harafi ɗaya ya raba su, kuma Turawan da kansu suna cakuɗa su a magana. Dukansu daga ego suke, wadda a Latin take nufin "ni". Egotism ce ta riga shiga Turanci. Joseph Addison ya yi amfani da ita a mujallar The Spectator a 1714, yana sukar marubutan da ba sa iya gama jimla sai sun ambaci kansu. To egotist shi ne mai "ni ne, ni ne", wanda kowace hira sai ta dawo kansa: ni na faɗa wa shugaban, ni na fara kawo shawarar, lokacin da nake Landan. Mu muna da cika baki, da kuri, da homa, da son a sani. Egoist kuwa yana iya zama shiru-shiru, ba ya yabon kansa, amma a lissafinsa maslaharsa ce ma'auni. Masana falsafa suna amfani da egoism ga ra'ayin da ke cewa duk abin da ɗan Adam yake yi don kansa yake yi, ko kuma don kansa ya kamata ya yi. Kishiyarta altruism ce, kalmar da Bafaranshen nan Auguste Comte ya ƙirƙira a tsakiyar ƙarni na 19.

Dabarar tunawa da zan ba yara ita ce wadda malaman Turanci suka daɗe suna bayarwa: harafin t na egotist ya tuna maka talk, wato surutu.

Egocentric ta fi ba ni sha'awa saboda asalin aikinta ba zagi ba ne. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, da ita ya siffanta yaro tsakanin shekara 2 zuwa 7, wanda bai kai ga gane cewa wani yana ganin abu ta wata fuska ba. A wani gwajinsa da ya shahara, ana ajiye siffar duwatsu uku a kan tebur, a zaunar da yaro a gefe ɗaya, a ajiye 'yar tsana a wani gefen, sai a ce ya zaɓi hoton abin da 'yar tsanar take gani. Ƙananan yara sukan zaɓi hoton abin da su suke gani. Duk uwar da ɗanta ya taɓa rufe idonsa da tafin hannu ya ce ya ɓuya ta san wannan. Saboda haka idan aka ce wa babba egocentric, an ce ne bai fita daga wannan mataki na ƙuruciya ba, kuma suka ce mai zafi fiye da yadda take a kunne.

Na kuma keɓe shafi ga self-interest, domin jaridunmu sun saba da rubuta selfish interest har yara suna zaton abu ɗaya ne. Self-interest neman maslahar kai ce, kuma ba dole ta zama aibu ba. Adam Smith a littafinsa na tattalin arziki na 1776 ya kafa hujja da mahauci da mai gasa burodi, cewa ba don tausayinmu suke ciyar da mu ba, don ribarsu ce. Mai shagon da ya buɗe da asuba ba don ƙaunar unguwa ya buɗe ba, kuma ba wanda zai zarge shi. Sai ya ɓoye kaya don farashi ya tashi sannan ya shiga sahun selfish.

16 ga Fabrairu

Makon nan na kai takardun gida na uku wurin abokiyar aikina mai koyar da Hausa, muka zauna a ɗakin malamai bayan an tashi. Ta duba jerin ta ce, "Malam, ka zuba girman kai a gaban kalma biyar. Anya kuwa?" Daga nan muka shiga warware su ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan zama shi ne mafi albarka tun da na fara.

Arrogant ita ce ta fi dacewa da girman kai na ainihi, mai haɗe da raina mutane. Asalinta na Latin yana nufin mutum ya yi da'awar abin da ba nasa ba. Malamar ta tuna mini hadisin da ke cikin Sahihu Muslim inda aka fassara girman kai da ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane, ta ce ai wannan ita ce arrogant ɗin. Na yarda. Haughty tana kusa, sai dai ita a fuska da tafiya ake ganinta: ɗaga hanci, kallon sama da ƙasa, amsa gaisuwa da ka. Muka ba ta izza da ɗagawa.

Conceited kuwa ji-ji-da-kai ce. Mai ita ya ɗauki kansa fiye da yadda yake, yana ganin ya fi kowa iyawa ko basira, amma ba lallai ya taka kowa ba. Malaman tarbiyya suna da sunan wannan tun tuni, wato ujubu, mutum ya burge kansa. Vain ta fi karkata ga sura da ado da son yabo, mai tsayawa gaban madubi, mai yanga da ƙwalisa. Asalinta na Latin yana nufin abin da ba komai a cikinsa, shi ya sa in vain take nufin a banza. Dole in yi gargaɗi a nan, don yara sun fi sanin wannan ma'ana ta biyu. Pompous na babban mutum ne mai kumbura, mai dogon Turanci a taron da gajeriyar magana ta isa. Smug shi ne mai murmushin gamsuwa da kansa, irin na "ai dama na faɗa". Cocky ta samari ce, rawar kai da ganin ba wanda zai iya da su.

Sai proud, wadda ta fi kowace wahala. A Turancin Najeriya idan aka ce mutum proud ne, an zage shi. A Ingila da Amurka kuwa mafi yawan amfaninta yabo ne. Uba ya ce wa 'yarsa "I am proud of you" ranar da ta gama makaranta, yana nufin ina alfahari da ke. Akwai kuma ma'ana ta uku, ta wanda yunwa take ci amma ba zai roƙa ba. Malamar ta ce wannan ai ba girman kai ba ne, kare mutunci ne, wadatar zuci ce. Shafi biyu cur proud ta ci, kuma ban ga abin da zan rage ba.

9 ga Maris

Azumi ya rage mini saurin aiki, sai bayan tarawihi nake ɗan zama. Babin rowa nake kai, kuma watan ya dace da shi.

Stingy ita ce rowa ta yau da kullum. Tight-fisted maƙo ce, hannu a dunƙule. Miser shi ne matsolo, wanda rowarsa ta kai ga kansa, yana da shi amma yana kwana da yunwa. Kalmar a Latin tana nufin abin tausayi, daga tushe ɗaya take da miserable. Scrooge sunan wani attajiri ne marowaci a labarin Kirsimeti da Charles Dickens ya wallafa a 1843, sunan ya zama laƙabin duk wani mai irin halinsa. Mean tana da tarko: a Ingila takan nufi marowaci, a Amurka mai mugun hali take nufi.

Akwai wata da na yi ta jujjuyawa ko in saka ta: niggardly. Tsohuwar kalma ce ta rowa, kuma ba ta da wata alaƙa ta asali da mummunar kalmar nan da ake zagin baƙar fata da ita. Amma sautinsu ya yi kusa, har a 1999 wani jami'i a ofishin magajin garin Washington ya ajiye aikinsa bayan ya faɗe ta a wani zama, kafin daga baya a dawo da shi. Na saka ta da bayani ɗaya: ka gane ta idan ka gan ta a tsohon littafi, amma kada ka furta ta.

Thrifty da frugal da economical ba aibu ba ne, tattali ne da tsimi. Na sa su kusa da stingy da gangan, domin tsakanin tattali da tsumulmula taki ɗaya ne, kuma sau da yawa mai magana ne yake zaɓar sunan gwargwadon yadda yake ji da mutumin.

A ɗaya ɓangaren akwai masu ɗauka: greedy ta haɗa haɗama da zari da kwaɗayi, avaricious ta kuɗi ce zalla kuma ta rubutu ce, ba a cika jin ta a hira ba, grasping na mai handama da babakere. A nan Hausa ta fi Turancin yau da kullum rarrabewa, don greedy ɗaya tana ɗaukar abin da mu muka raba gida uku ko huɗu.

Limaminmu ya karanta Suratul Hashri a daren jiya. Aya ta 9 ta yabi mutanen Madina da fifita waɗansu a kan kansu ko da suna cikin buƙata, ta kuma rufe da maganar wanda aka kare daga rowar ransa. Da ita zan buɗe babin kishiyoyi idan na kai can.

24 ga Maris

Narcissist. Na san wannan ce za ta fi cin lokaci, kuma ita ce dalilin da ya sa nake son manya ma su karanta littafin.

Asalinta tatsuniyar Girkawa ce, wadda mawaƙin Rum Ovid ya tsara a waƙe wajen shekara ta 8 Miladiyya. Narsisus saurayi ne kyakkyawa da ya wulaƙanta duk wanda ya so shi, har da wata mai suna Eko. Aka yi masa baki. Wata rana ya sunkuya zai sha ruwa a wani tafki, ya ga fuskarsa, ya kamu da son ta, ya kasa tashi daga wurin har ya rame ya mutu, fure ya tsiro a inda yake. Furen nan shi Larabawa suke kira narjis, kuma daga shi suka samo narjisiyya.

Likitoci ne suka ɗauko sunan daga tatsuniya. Havelock Ellis ya yi ishara da shi a 1898, Paul Näcke ya ƙera kalmar da Jamusanci a 1899, Sigmund Freud ya rubuta maƙala a kai a 1914. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da larurar cikin kundinta na tantance cututtuka. Kundin na yanzu ya lissafa alamu 9, kuma sai mutum ya cika aƙalla 5, a matsayin hali mai ɗorewa da ke ɓata masa rayuwa da mu'amala, kafin likita ya ce yana da ita. Daga ciki akwai ganin kai ya fi kowa, da ƙishirwar yabo marar yankewa, da amfani da mutane don biyan buƙata, da rashin jin zafin wani, da ganin ya cancanci a fifita shi a ko'ina.

Yanzu kalmar ta baro asibiti ta shigo Facebook da TikTok, har cikin rubutun Hausa ana tsoma ta. Ɗiyar yayata, wadda ba ta daɗe da aure ba, ta zo gaishe mu ta ce, "Kawu, na karanta alamomin, wallahi duk ya cika su, narcissist ne." Na ce ta ajiye sunan tukuna ta gaya mini abin da yake yi. Ta ce ba ya tambayar ta ya ta wuni, idan ta yi girki ba ya yabawa, idan ta kawo kuka sai ya juya maganar ta koma kan gajiyarsa. Waɗannan abubuwa ne na gaske, suna da ciwo, kuma na gaya wa mahaifinta a zauna da yaron. Amma kowannensu abu ne da za a iya ɗora wa mutum a gabansa ya amsa, ya musa ko ya gyara. Sunan cuta kuwa ba a amsa shi. Da zarar an liƙa wa mutum shi, an gama shari'arsa ba a saurare shi ba, kuma duk abin da ya yi daga baya, ko da alheri ne, za a ce dabara ce ta masu cutar.

Ba ina cewa babu masu wannan larura ba, ko babu matan da suke cikin uƙuba a hannun irinsu. Akwai, kuma su ne suka fi cutuwa idan kalmar ta zama ruwan dare har ta daina nufin komai. A littafin na rubuta ƙarƙashinta: kalmar likita ce, kada ka saka ta a takardar ƙorafi ko ta shaida a kan wani. Idan halin kake son faɗa, ga self-centred, ga vain, ga inconsiderate, ga manipulative ga mai juya mutane da dabara.

Na ƙara gaslighting a gefen shafi tunda tare suke yawo a intanet. Tana nufin a dinga musa wa mutum abin da ya gani da idonsa har ya fara shakkar hankalinsa. Ƙamusun Merriam-Webster ya zaɓe ta kalmar shekara a 2022.

13 ga Afrilu

Na gwada babi uku na farko a aji. Na rubuta gajerun labarai, kowanne da mutum ɗaya da halinsa, na ce su zaɓi kalmar da ta dace. Da na ce su zaɓa kai tsaye da Turanci, yawancinsu suka koma selfish da proud. Da na ce su fara faɗin sunan halin da Hausa sannan su nemo na Turanci, ajin ya kaure da gardama mai daɗi. Wata ta ce wannan ba rowa ba ce, ƙyashi ne. Wani ya ce ai mai ƙyashi ba ya hana nasa, na wani ne ba ya so a samu. Saboda haka na juya tsarin shafukan: Hausa za ta zo farko, Turanci ya biyo.

Gwajin ya tono wata matsala da ke buƙatar babi nata, wato kalmomin da suka fara da self. Yara suna zaton duk aibu ne. Self-confident da self-reliant da self-respect yabo ne: yarda da kai, dogaro da kai, kare mutunci. Self-conscious kuwa mai tsarguwa ne, wanda yake jin duk idon jama'a a kansa yake, ya kasa sakewa. Selfless ta fi ruɗa su, wasu suka ce marar daraja take nufi, alhali ita ce ƙololuwar yabo, mai sadaukar da kansa. Na aibun su ne self-serving da self-seeking ga mai fakewa da aikin jama'a yana gina kansa, self-important ga mai jin ba a yin komai sai da shi, da self-righteous ga mai ganin shi kaɗai ne na Allah.

28 ga Afrilu

Karin magana da maganganun titi. Full of himself da big-headed duk ji-ji-da-kai ne a bakin talakawan Ingila. To blow your own trumpet yabon kai ne, wanda mu muka ce jahilci ne. To look after number one daidai take da kowa tasa ta fisshe shi. Dog in the manger ta fito daga tsohuwar tatsuniyar karen da ya kwanta a kan ciyawar shanu, shi ba ya ci, ya hana su ci. Na ba ta hana ruwa gudu, na ƙara a fasa kowa ya rasa a matsayin 'yar uwarta, duk da ba daidai suke ba.

Entitled ta sauya a zamanin nan. Da tana nufin wanda yake da haƙƙi a kan abu, kamar ma'aikacin da ya cancanci hutu. Yanzu idan aka faɗe ta ita kaɗai, ana nufin mai ganin dole ne a yi masa, ba godiya, ba na gode. Freeloader da sponger su ne ci-ma-zaune.

Na yi shawara da wani abokin aiki kan ko a saka na Turancin Najeriya, irin su long throat ga mai kwaɗayi da I too know ga mai iyayi. Shi yana ganin za su ɓata yara. Ni ina ganin yaran sun riga sun san su, abin da ba su sani ba shi ne inda ba a faɗar su. Za su shiga shafi guda da gargaɗin cewa ba na jarrabawa ba ne, ba kuma na wasiƙar ofis ba.

Shafin da na fi so a wannan babi shi ne na kalmomi masu laushi: inconsiderate, thoughtless, insensitive. Suna sukar aikin ne ba tare da yanke wa mutumin hukunci ba. Wanda zai rubuta wa maƙwabcinsa kan janareta da ke kwana yana ruri, ko shugaban sashe da zai ja kunnen ma'aikaci, waɗannan yake buƙata.

18 ga Mayu

Na kai babi biyar wurin mai buga littattafai don gwaji. Samfurin da ya fito duk ƙugiyoyin haruffa sun zube, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. A wannan littafi ba zai yiwu ba, domin jin kai da jin ƙai suna fuskantar juna a shafi ɗaya, ɗaya aibu ɗaya rahama. Mun yi da shi zan kawo rubutun a shirye da nau'in haruffan da ke ɗauke da ƙugiya, shi nasa bugawa kawai. Kuɗin takarda ya sa na rage girman shafi, zai zama na sakawa a aljihu.

Abu biyu suka rage. Na farko furuci. Yara suna karanta haughty da conceited da avaricious yadda aka rubuta su, saboda haka zan naɗi murya in tura ta WhatsApp ga malaman da suka karɓi littafin. Na biyu babin kishiyoyi. Generous da considerate da modest da humble ba su ba ni wahala ba. Waɗanda suka tsaya mini su ne namu: kara, da kawaici, da alkunya. Wanda ya bar wa baƙo shimfiɗarsa ya ce shi dama a waje yake son kwana, generous ba ta kama abin da ya yi ba, don ya haɗa da ɓoye kyautar. Na koma kan laccar Anthony Kirk-Greene da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa in ga yadda ya bi da kunya da karamci da mutunci. Alama ta nuna namu ukun, kara da kawaici da alkunya, sai dai in bayyana su da jimla, in kawo misali, in bar gurbin kalmar Turancin a buɗe.

Malamar Hausa ta karɓi babin rowa da na girman kai za ta sake dubawa kafin ƙarshen wata. Idan ta dawo da su zan haɗa da na kishiyoyi in mayar wa mai bugawa.